Goro a Ƙofar Gidan Baffa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Baffa, yayan mahaifina, ya riga mu gidan gaskiya a farkon kakar bana, a ɗakinsa, a ƙauyenmu na ƙasar Gagarawa. Ya tsufa tukuf, ya ga 'ya'yan jikokinsa, ba wanda zai ce an yi masa gaggawa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ba mutuwarsa ce ta hana ni sakat ba. Abin da aka yi a ƙofar gidansa bayan an rufe shi, shi ne ya sa ni ɗaukar biro, ni da rabona da rubutu mai tsawo tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare na kama gyaran babur.

Jama'a ta zo, ban musa ba. An zo daga Gumel a motoci, an zo daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar a kan babura, Fulanin rugage sun zo da sandunansu sun zauna can gefe a gindin darbejiya. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, mu ce da godiya, sai kuma a shiga yabo. Wannan ya ce mutumin kirki ne, wancan ya ce ba ruwansa da kowa. Ba ruwansa? Baffa da ruwansa har da mutanen da suka mutu tun ba a haifi ubansa ba, a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Mutum biyu ne kawai suka yi abin da na ji a raina. Wani Ardo ya ce, "Igiyar gugar da ya tufka mini, sa ya ja, raƙumi ya ja, ba ta tsinke ba. Allah Ya sa haka tasa take a can." Tufkar igiya ce sana'ar Baffa, duk Alhamis yana kai ta kasuwar Maigatari, kusa da karar shanu.

Na biyun tsohon abokinsa ne daga tsallaken iyaka, wanda suka yi shekaru suna raba rumfa ɗaya. Ya zauna, ya sa hannu a aljihu ya ciro goro kamar yadda ya saba, har ya kai baki. Sai ya dubi ƙofar gidan, ya mayar da shi aljihu. Ya ce, "Ko ba shi nan, ba ni iyawa."

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce mene ne kuma na goro. To, gidanmu ba a cin goro. Ba a saye, ba a ajiyewa, ba a wuce zaure da shi. Haka muka taso muka tarar, kuma gari ya san mu da haka, har in ana kwatance akan ce gidan ba-goro. In an zo neman auren 'yar gidan, masu kawo kaya a bakin hanya suke tsayawa da goronsu, Baffa ya fito ya ce a miƙa wa maƙwabta, shi kuma ya kawo dabino. Na taɓa ganin wani waliyyin ango daga Gumel ya fusata, ya ce wannan ai raini ne.

Baffa ya ce, "Alhaji, yarinya muka ce za mu ba ku, ga ta kuwa. In goron ne zai zauna da ɗanku, ɗauki abinka ka ɗaura musu."

Aka yi dariya, aka ɗaura aure da dabino, auren yana nan har yau.

Dalilin abin yana ga kakan Baffa. Baffa ya taso ya tarar da shi da rai, tsoho gurgu wanda ba ya son hayaƙi, in ana ƙona sassabe a gona sai ya koma can nesa ya juya baya. Daga bakinsa Baffa ya ji labarin, mu kuma daga bakin Baffa.

A samartakarsa ya bi fataken goro zuwa Gwanja yana korar jakuna. Ciwo ya kama shi, ayari ya wuce ya bar shi a wani ƙauye cikin kurmi, a ƙasar Tonawa, waɗanda yanzu ake ce wa Asante, a Gana. Wata tsohuwa ta ɗauke shi ta yi jinyarsa, ba ta jin Hausa, ba ya jin yarenta. Da ya warke ta cika masa jaka da goron bishiyoyinta, ta nuna masa hanya. Bai kai gida ba. Yunwa da yawo suka gangara da shi bakin teku, inda Turawa ke ɗibar Hausawa aikin soja, a ba ka jar dara da bindiga da abinci, takalmi kuwa babu. Da Turawa suka tashi yaƙar Tonawa, har da shi aka tafi. Wata rana aka shiga wani ƙauye, mutanen sun watse cikin daji, Bature ya ce a sa wuta a sare itatuwa. Aka miƙa masa bakin wuta. Sai da jinka ta kama sannan ya gane tsakar gidan, ya gane turmin, ya gane bishiyoyin. Ko tsohuwar ta gudu, ko tana ciki, bai sani ba, kuma bai taɓa sani ba har ya mutu. Da ya dawo gida bayan shekaru ya yi rantsuwa goro ba zai sake shiga bakinsa ba, ba zai shiga gidansa ba.

Wannan shi ne gadonmu. Wasu sun gaji gonaki da takubba, mu abin da muka gada ke nan, kuma Baffa bai taɓa yi masa kwalliya ba.

Sai kuma takardar. Wata Alhamis, tun yana da ƙarfinsa, ya sayi balangu a Maigatari aka naɗe masa a wani shafi da aka yago daga tsohon littafin Turawa. Ya buɗe zai ci sai ya ga zane. Abokinsa na rumfa ya ce ranar naman nan shi kaɗai ya cinye shi, don Baffa ya juye masa a hannu, ya shimfiɗa takardar a gwiwa yana sharce man da bakin riga.

Ba hoto ba ne na kyamara, zane ne na hannu, baƙi da fari. Ga dogayen itatuwa, ga bukkoki suna ci da wuta. A tsakiya ga Bature a tsaye da farar hula, ya miƙa hannu yana nuni. Bayansa ga baƙaƙen sojoji a jere da dara a ka, ƙafa ba takalmi. Can gefe ga Tonawa, wasu na gudu, wasu a kwance, ga wata babbar laima ta faɗi ƙasa. A can ƙurya ta hannun hagu, ƙasa-ƙasa, ga wani soja ya juya baya, ya ɗaga bakin wuta zuwa jinka. Da rubutun Turanci a ƙarƙashi. Da na girma ya sa ni in karanta masa, na yi ta fama, kalma biyu kawai na iya fitarwa, Hausa da Kumasi, babban birnin Tonawa.

Ya ce, "Sun isa, Malam Rabin-boko. Sauran ma ƙarya za su yi mini."

Haka yake kira na. In wani ne ya faɗa, da mun yi faɗa.

A bangon ɗakinsa ya kafe ta da ƙusa, daidai inda idonsa zai sauka in ya zauna tufka. In baƙo ya tambaya, sai ya ajiye igiya ya ce matso ka gani.

"Dubi Baturen nan. Har maɓallan rigarsa an zana, har gashin bakinsa, in ka ƙura ido za ka ga igiyar takalminsa. To dubi namu. Fuska ɗaya aka yi musu aka rarraba, kamar an yanka sabulu. Su kuma masu garin ko fuskar ba a ba su ba, sai duwawu da tafin ƙafa. Mai zanen nan ya san wanda zai biya shi."

Ba ya taɓa cewa ga kakana a ciki. In an matsa masa yakan ce, "Ina na sani? Wanda ya zana bai tambayi sunansa ba." Amma duk lokacin da yake ba da labarin, yatsansa yakan yi yawo a takardar ya zo ya tsaya a kan mai bakin wutar nan da ya juya baya. Shekara da shekaru yatsa yana sauka wuri ɗaya, ga man nama, ga gumi, har wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, daga baya ya ɓule.

Akwai kuma addu'arsa. Duk taron gidanmu, suna ne, aure ne, sadaka ce, in liman ya gama ya shafa, sai Baffa ya sake ɗaga hannu ya ce, "Allah Ka yafe wa kakana abin da hannunsa ya yi, Ka biya mutanen ƙauyen nan haƙƙinsu, Kai Ka san sunayensu." Gida duka a ce amin. Wani matashin malami ya taɓa ce masa ai mutanen nan ba Musulmi ba ne. Baffa ya ce, "Da tsohuwar take dama masa kunu ba ta tambaye shi addininsa ba." Ya ci gaba da tufka.

Lokacin da gwamnati ta ce baƙi su bar ƙasa, akwai wani mutumin Gana mai gyaran takalma a bakin tashar Gumel. Mai ɗakin da yake haya ya fitar masa da kaya. Baffa ya ji labari ya je ya ɗauko shi, ya sauke shi a zaurenmu, ya ci tuwonmu har hanya ta samu. Da Baffa ya ji Batone ne, ranar da mutumin zai tafi ya shigar da shi ɗaki ya nuna masa takardar, ya ba shi labarin duka, a hankali, don Hausar mutumin ba ta nuna ba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Baffa ya ce masa, "Ka yafe mana."

Mutumin ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "Baba, ni ban san garin ba. Ban san matar ba. Ba nawa ba ne, ba zan iya yafe ba."

Ni na ji haushi, na ce a raina mutum ya ci tuwonka ya kasa faɗin kalma ɗaya. Baffa kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ka faɗa." Ya ɗaura masa guzuri ya raka shi har Maigatari. Da ya dawo na yi masa ƙorafi, ya ce, "Da ya ce ya yafe, da na raina shi."

Wannan shi ne mutumin da aka zo aka ce ba ruwansa.

Yanzu sai Yaya, babban ɗan Baffa. Dillalin shanu ne a karar Maigatari, Allah Ya buɗa masa, ya yi gida mai bene a Gumel, ya je Makka ya sake komawa. Ba na baƙin ciki da arzikinsa, kowa ya san ya wahala. Amma tun da ya fara neman a naɗa shi wata sarauta ta 'yan kasuwa ya shiga neman asali, don masu takara da shi kowa yana da kakan da ya hau doki. Wata rana ya zo gaida Baffa, ina nan ina ɗaure masa ƙafar gado, ya dubi bango ya ce, "Baba, a ba ni takardar nan in kai Gumel a ƙara mata girma, a sa a gilashi."

Baffa ya ce, "Da girmanta haka ma da ƙyar nake ɗauka."

"Ai abin alfahari ne, Baba. Kakanmu ya yi yaƙi, ya ci gari."

"Ya ƙona gidan wadda ta yi jinyarsa."

"Umarni aka ba shi."

"Na sani. Shi ma ya sani. Bai hana shi juya wa hayaƙi baya ba har ya mutu. Tashi ka tafi, rana tana yi maka."

Watanni suka yi ba sa doguwar magana. Sai da Baffa ya kwanta ciwon ajali Yaya ya dawo yana zarya da magunguna, wannan kam na shaida. Ashe a cikin zaryar nan ne ya ɗauki hoton takardar a waya.

Ranar sadakar bakwai na iso da hantsi na tarar an kafa rumfuna an jera kujerun roba. A jikin katangar gidan an ɗaure ƙatuwar fosta irin ta 'yan takara. Gefe ɗaya hoton Baffa ne na zuwa aikin hajji. Ɗaya gefen zanen nan ne, an ƙara masa girma har Baturen ya kai tsayin yaro. Babu wuta, babu bukkoki, babu laimar da ta faɗi, babu waɗanda ke kwance. Bature ne kawai da jerin sojoji, an zagaye ɗaya da jan layi, wanda ya fi kusa da Baturen, ya ƙame da bindiga. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe wai marigayi jikan jarumin da ya ci Kumasi ne.

A bakin zaure kuma, kan tabarma, ga huhun goro an kwance, fari da ja, ana zubawa a faranti.

Na samu Yaya yana gaisawa da baƙinsa. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

"Sadakar ubana."

"Goro? A ƙofar nan?"

"Kai, baƙi na gayyato daga Kano da Damagaram. Da dabino zan tare su kamar masu buɗa baki?"

"Wanda ka zagaye ɗin nan wa ya ce maka shi ne?"

"Wa ya ce maka ba shi ba ne? Baba da kansa ya ce bai sani ba."

"Ina mai bakin wutar?"

Ya ce, "Mai hoto ya ce wurin ya lalace, ya ɓule, ba zai fito ba. Shi ya yanke."

Ka ji fa. Wurin da ya ɓule don yatsan ubansa, shi ne wurin da ya lalace. Na faɗa masa haka, da murya mai ƙarfi, har mutane suka fara waiwaye. Ya riƙe hannuna ya sassauta murya ya ce, "Saurara. Har yaushe za mu yi ta jin kunyar abin da ba mu muka yi ba? Baba ya ɗauka, ya mutu da shi, a bar shi a ƙasa tare da shi. Ina da 'ya'ya. So kake su riƙa cewa kakanmu ya ƙona tsohuwa?"

Na ce, "So nake su faɗi abin da aka yi."

Ya ce, "Je ka gyara baburanka."

Dattawa suka taso suka ce wurin makoki ne, a ji tsoron Allah, a bar wa mamaci mutuncinsa. Ni ne mai ɓata masa mutunci, ka gane. Aka zaunar da ni. Ina kallo faranti yana zagayawa. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna karɓar goron aurenmu a bakin hanya suka ɗauka. Jikokin Baffa suka ɗauka suna dariya, wai yau za su ji abin da ake ji. 'Yan uwana da muka ci tuwo a akushi ɗaya, muka ce amin tare tun muna yara, suka ɗauka suna kauda ido daga gare ni. Da farantin ya iso kan tsohon abokinsa na rumfa, ya dube shi ya ce wa mai rabon, "Wuce." Shi kaɗai.

Na tashi na shiga cikin gida wurin Gwaggo, ƙanwar Baffa, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga kakan da idonsu. Ba ta gani sosai yanzu. Tana zaune a bayan katanga inda mata suke, duk abin da aka yi a waje ta ji. Ina shiga ta ɗaga filo ta ciro takardar. Tun ranar rasuwar ta cire ta daga bango. Ta lalubi ramin da yatsanta, ta miƙo mini ta ce, "Riƙe, ɗan nan. Kai ne mai baƙin rai irin nasa."

Na koma waje na zauna, takardar tana aljihuna. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa Baffa gafara, ya roƙa wa Yaya ƙarin buɗi, ya roƙi ruwa mai albarka baɗi. Ya shafa, kowa ya shafa, aka fara jan kujeru. A nan ne Baffa yake sake ɗaga hannu. Na jira ko Yaya zai yi, ko wani cikin ƙannensa. Ba wanda ya motsa.

Sai na ɗaga hannu. Muryata ba ta da daɗi, amma na faɗa yadda yake faɗa, ban rage ba. Allah Ka yafe wa kakanmu abin da hannunsa ya yi, Ka biya mutanen ƙauyen nan haƙƙinsu, Kai Ka san sunayensu.

Baƙin Kano suna kallon juna. 'Yan gidanmu sun sunkuyar da kai, bakin kowa cike da goro. Har ƙarar tauna ta tsaya.

Can daga bayan katanga muryar Gwaggo ta fito, siririya. Ta ce amin.

Fostar tana falon Yaya a Gumel yanzu, an sa ta a gilashi. Na ji an ce jikokin suna tsayawa a gabanta suna ɗaukar hoto, suna nuna wanda aka zagaye. Su suna da yawa, fostar tana da girma, kuma ba ta warin man nama. Ni abin da ke hannuna takarda ce mai rami, na kafe ta a bangon shagona sama da inda nake rataye sifana. Duk wanda ya kawo gyara ya tambaya, sai na ajiye aiki na ce matso ka gani. Wasu suna saurara, wasu suna cewa in yi sauri. Goro bai shiga gidana ba, kuma ba zai shiga ba ina numfashi.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa igiyarsa ta riƙe. Ka yafe wa kakansa. Tsohuwar nan kuma, da ba mu san sunanta ba, da mai zane bai ga dama ya zana ta ba, Kai Ka gan ta. Ka biya ta.